Ƙarar da Na Kai a Kan Kada

Ba zan taɓa mantawa da daminar da muka bar Agege ba. Shekarar ruwa ce, shanya ta kwana uku ba ta bushe ba, bango na gumi, ni ma hankalina ya ƙi zama wuri ɗaya. Malam (maigidana ke nan, albasa yake sayarwa a kasuwar Mile 12) ya gaji da kokawar shiga motar danfo kullum da asuba, sai ya samo mana ɗaki biyu can bayan kasuwar, inda ƙasa ta ƙare ruwa ya fara. Rabin gidan a kan tudu yake, rabi a kan turaku. Jikin madafa akwai 'yar barandar katako, ƙarƙashinta ruwa ne baƙi mai ciyayi.

A sati na biyu na gan shi. Na ɗauka gungume ne, sai gungumen ya ƙifta ido.

"Kada! Wayyo Allah, kada!"

Iya Bose, maƙwabciyata mai bandar kifi, ta leƙo, ta dubi ruwan, ta koma kan kifinta. Da 'yar Hausarta ta kasuwa ta ce, "Maman Ummi, ba komai. Shi yana gidansa, ke kina gidanki. Kar yaro ya sauka ruwa, shi ke nan."

Wai shi ke nan! Daga ranar na daina zama. In ɗora tukunya, in leƙa ruwa. In tayar da salla, kunnena na baranda. 'Yata Ummi shekararta huɗu, ƙafarta ba ta jin magana, har ta kai ina ɗaure ta da ɗankwali a ƙafar gado in zan yi girki (Allah ya yafe mini, ita dai har yau ba ta yafe ba). Abin da ya ƙara tayar mini da hankali, su kansu 'yan gidan suka fara ƙus-ƙus. Sun ce kada wucewa yake yi, ba ya tarewa kusa da mutane. Wannan kuwa kullum sai ya zo.

Na zauna na yi nazari, na gano mai laifi: ƙaurin kifin Iya Bose.

A lokacin watana shida a ajin yaƙi da jahilci, kuma a satin ne aka koya mana rubuta wasiƙa. Hannuna ƙaiƙayi yake yi. Ni da ko sautu aka ci mini ba na iya ɗaga murya, sai ga ni na cika shafi guda, da "Bayan gaisuwa mai yawa" da komai. Na kai wa Baba mai gidan, wani tsohon masunci Bayarabe da ke jin Hausa tas saboda ya yi zaman Sabo, unguwar Hausawa. Ya ce in maganata ta tabbata, Iya Bose za ta kwashe bandarta daga gidan. Da bandar nan take ciyar da marayu uku. Na sani sarai, amma na ce a raina ai ran 'yata ya fi kifi.

Ranar Asabar bayan la'asar Baba ya tara 'yan haya a barandar, ya ce in karanta da bakina. Na miƙe, yatsa a kan layi, kai na kumbura. Da na kai "don haka muna roƙo a ɗauki mataki" har sai da na saci kallon Malam, in ga ko ya lura da matar da ya aura.

Iya Bose ta kunce ɗaurin zaninta ta sake ɗaurawa. Ta ce, "Baba, shekara tara ina banda a nan. Hanjin kifina a bokiti nake kaiwa bola. Ko ɓawo ban taɓa ba ruwan nan ba."

Baba ya dubi ruwan. Ya sa ta fifita hayaƙin bandar ya bi kan ruwa. Muka jira. Ko kumfa.

Sai ya juyo gare ni. "'Yata, wane lokaci kike ganinsa?"

"Kullum war haka, Baba."

"Me kike yi war haka?"

"Aikina kawai."

"To, yi aikinki mu gani."

Abinci nake dafa wa 'yan dako, kullum da yamma nake gyara kajin gobe. Robar na nan a madafa, cike da ruwan wankin kaji, da jini, da tarkacen hanji. Na ɗauko ta hankali kwance. Na yi bisimilla kamar yadda Innata ta koya mini, kar a zuba wa waɗanda ba a gani. Na sheƙa a ruwa. Sannan na buga robar a jikin turke don ragowar ta faɗi, sau uku, yadda na saba tun ina zubarwa a kwatar Agege. Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Jama'a, ciyayi suka dare biyu. Kadan ya taho kai tsaye, babu ko waige, kamar akuya ta ji an kaɗa kwanon dusa. Ya tsaya daidai ƙarƙashin ƙafafuna, ya haɗiye abin da ya samu, ya ɗago kai yana dubana. Wallahi kallon sani ne.

Sai wani Bakatsine mai acaba ya ce, "Maman Ummi, ashe kiwo kike yi? Na layya ne ko na suna?"

Dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Malam ya duƙufa yana nazarin kwanon rufi kamar shi ya buga shi. Ni kuwa ga roba a hannun dama, ga wasiƙa a hannun hagu, na rasa wadda zan fara ɓoyewa.

Baba ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "A bakin ruwa ba a zuba abu mai jini. Yaran nan ma sun sani, shi ya sa ba wanda ya tuna ya gaya miki. Ki daina ba shi, zai gaji ya tafi. Iya Bose, koma kan kifinki."

Ta koma, ba ta ko dube ni ba. Wannan ya fi dariyar ciwo. Na kusa raba mace da abincin 'ya'yanta a kan kadan da ni nake kira da hannuna, har da bisimilla. Tun daga lokacin, duk sanda hannuna ya yi ƙaiƙayin rubuta sunan wani, sai na fara leƙa robata.

Washegari da safe na samo tsohon bokitin fenti mai murfi, na tafi ƙofar Iya Bose. Na durƙusa gwiwa biyu irin nasu na Yarbawa, na ce, "Iya, ki yafe mini, ki kuma nuna mini hanyar bola." Na miƙa mata wasiƙar, na ce ta yi yadda ta ga dama da ita.

Ta jujjuya ta, ta cusa ƙarƙashin itacen bandar, ta ƙyasta ashana. Wuta ta kama nan take duk da danshin itacen.

Ta ce, "Kai, Maman Ummi, takardarki tana da kyau. Gobe ki rubuto wata."