Bencinan da Suka Fi Ƙarfin Ƙofa

Jama'a, ku taya ni dariya, don in ban yi dariya ba hawan jinina zai tashi. Ranar Litinin ɗin makon jiya wandona ya yage tun daga cinya har gwiwa, a tsakiyar filin makarantar 'yata, a gaban malamai mata uku. Ni kuwa tela ne. Shekara ashirin da biyu ina rufa wa mutane asiri da zare da allura, sai ga nawa a fili.

Auta ce, 'yata ta ƙarshe, ta manta littafin lissafinta a kan keken ɗinkina, na bi ta da shi. Ina zuwa na tarar an toshe hanyar ajinsu da tulin sababbin bencina, irin na ƙarfen nan masu haɗe da tebur, an jibge su kan juna kamar itacen sayarwa. Na ce bari in tsallake. Shekaru suka ce ba da su ba. Wani ƙarfe ya cafke ni, na ji ƙyat, sauran labarin kun ji shi.

Da na leƙa ajin, hannu ɗaya riƙe da wando, sai na ga yara sun fi hamsin zaune a kan siminti, kowa ya ɗora littafi a gwiwa. Bencina a waje suna shan rana, masu bencina a ciki suna shan sanyin ƙasa.

Na tambayi Malama Shugaba, ita ce ke riƙe da makarantar, baiwar Allah mai haƙurin gaske. Ta ce, "Baban Auta, wata biyu ke nan suna nan. Ba su shiga ƙofa."

Ashe hukumar makarantun yankinmu, Allah ya ƙara mata basira, tana da kwamitin gine-gine, shi ya ba da kwangilar ƙofofi. Tana kuma da kwamitin sayayya, shi ya ba da kwangilar bencina. Ofisoshinsu bango ɗaya ne ya raba, amma ga alama ba su taɓa gaisawa ba. Ranar da aka kawo kaya, leburori suka ɗauki benci ɗaya a tsaye, ya cije a bakin ƙofa. Direba ya ce yana da wata makarantar a gaba. Suka sauke, suka kama gabansu.

Na ce, "To, Malama, a gwada wata dabara mana."

Ta ce, "Wa zai gwada? Doka ta ce ba mai taɓa kayan kwangila sai kwamitin karɓar kaya ya sa hannu. Kwamitin kuwa ya ce takarda ta ce a cikin aji za a karɓa, don haka ba zai sa hannu ba sai ya gan su a cikin aji."

Na tsaya ina juya maganar. Ba na yi zurfi a boko ba, aji uku na sakandare na tsaya, shi ya sa na ɗauka ƙwaƙwalwata ce ta gaza. Ba za a taɓa ba sai an karɓa, ba za a karɓa ba sai an taɓa. Wannan ilimi, sai manya.

Sai ta ƙara da abin da ya tsinka mini zuciya. Ranar Alhamis sufeton jarrabawa zai zo. In bai ga wurin zama a azuzuwa ba, za a mayar da jarrabawar ƙarshe ta su Auta wata makaranta can ƙarshen gari, mota biyu ake shiga. Auta kuwa, ko warin fetur ta ji sai cikinta ya juya. Yarinyar da za ta yi amai sau biyu kafin ƙarfe takwas, wane lissafi za ta tuna? Shekara shida tana karatu, ni ina taka keke, ga shi za a ƙare a bakin ƙofa.

Tef ɗin awo ba ya rabuwa da wuyana. Na auna ƙofa, inci talatin da ɗaya. Na auna benci ta ko'ina ba tare da na taɓa shi ba, saboda doka, faɗinsa inci talatin da huɗu. Na koma gida ina lissafin inci uku kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Uwar 'ya'yana ta karɓi wandon tana dariya har da riƙe ciki. Da ta gama na ba ta labarin inci ukun, sai ta ce, "Tsayinsa fa?"

Na ce, "Tsayin wa?"

"Tsayin bencin, Baban Auta. Daga ƙasa zuwa sama."

Na duba takardata. Ashirin da tara.

Ta ce, "Ka manta yadda muka shigar da kabad ɗin nan ranar da muka tare? Kana ta zagin kafinta, na ce ku kwantar da ita a gefe."

Ban manta ba. Abin da na manta shi ne ita ta kawo shawarar, don shekara goma sha tara ina ba da labarin da sunana.

Washegari Talata hukumar na da zama, kuma ana barin iyaye su shiga su zauna a baya. Na sa babbar rigata, na ja maƙwabcina Mai Walda don ya ƙarfafa mini gwiwa. Ɗakin taro kuwa, tubarkalla, kujerunsa masu juyawa ne, kuma na lura dukkansu sun shiga ƙofa lafiya.

Shugaban hukumar, Mai Girma Uban Kwamitoci, ya buɗe taro. Aka ɗauki awa guda ana gyara bayanin zaman da ya gabata, saboda an rubuta sunan Alhaji Sai-Mun-Zauna a saman na wani wanda ya girme shi a hukumar. Gaskiya ne, ai gaba da gabanta. Daga nan aka shigo maganar bencina. Injiniya Ba-Laifina-Ba na kwamitin gine-gine ya miƙe ya ce ƙofofinsa daidai suke da zane. Shugaban sayayya ya ce bencinansa daidai suke da takarda. Kowa ya yi daidai. Na fara zargin yaran ne suka yi kuskuren zuwa makaranta.

Wani ya ce a yanke ƙafafun bencina. Mai Walda ya matso kunnena ya ce, "Malam Tela, in aka yanke, wallahi ni za a kawo wa in mayar. Ka bar su, Allah ne ya kawo ciniki."

Na ce, "Kai dai ba ka da ɗa a ajin."

Ya ce, "Ina da 'yar ƙanwata. Wasa nake yi, ɗaga hannu."

Na ɗaga. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni tela ne. Mu a sana'armu ba a yanka sai an auna. Na auna. In aka kwantar da bencin a gefe, zai shiga har da rarar inci biyu."

Mai Girma ya cire tabarau, ya dube ni da tausayi. Ya ce, "Madalla da wannan uba mai kishi. Ka rubuto shawarar, kwafi uku. Za mu miƙa wa ƙaramin kwamitin fasaha, zai zauna wata mai zuwa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, jibi sufeto zai zo."

Ya ce, "Shi ya sa ba za mu yi garaje ba." Nan take aka amince, ba mai musu, a ba da sabuwar kwangilar fasa bango a faɗaɗa ƙofofi. Aka tafa. Ni ma na tafa, don na ga ana kallona.

Daga can na zarce makaranta, ban ma san abin da ya kai ni ba. Na zauna kusa da Baba Mai Gadi, dattijon da ya fi ginin makarantar daɗewa a wurin, na zayyana masa komai. Ya saurara yana murza gwiwarsa. Can ya ɗaga kai ya dubi sama. Sama fes, ko gajimare ɗaya babu.

Ya ce, "Gobe da safe za a yi ruwa."

Na ce, "Baba, ina hadarin?"

Ya ce, "Gwiwata ta faɗa mini. Takardar aikina kuwa ta ce in kare kayan makaranta daga ɓarawo da wuta da ruwan sama, kuma in abu ya fi ƙarfina in nemi taimakon jama'a. Ba ta ce in jira kwamiti ba. Ɗana, benci ɗari da ashirin sun fi ƙarfina."

Da tsohuwar zuma ake magani. Laraba da sassafe iyaye muka hallara, maza da mata, don ceton dukiyar hukuma daga ambaliya. Ni da Mai Walda muka kama na farko, muka kwantar da shi a gefe. Uwar 'ya'yana na tsaye tana cewa, "Ɗaga ta wajenka, Baban Auta, ba wando ba ne." Ya shige sumul, ko fenti bai goge ba. Kafin a buga ƙararrawa fili ya zama wayam. Rana kuwa ta take kamar da gayya. Malama Shugaba ta rubuta a littafin makaranta cewa mai gadi ya hango ruwa. Baba ya ce gwiwa ma takan yi kuskure, ai ba injiniya ba ce.

Alhamis sufeto ya zo, ya leƙa, ya zauna a benci ɗaya ya jijjiga shi, ya sa hannu. A ajinsu su Auta za su rubuta jarrabawa, tafiyar minti goma a ƙafa daga gida. Da ta dawo ta ce, "Baba, yau ne karon farko da na yi rubutu bayana bai yi ciwo ba." Na juya na yi kamar ina neman almakashi.

Juma'a sai ga kwamitin karɓar kaya cikin motoci uku. Suka ga bencina a cikin aji kamar yadda takarda ta ce, suka sa hannu. Mai Girma ya yi jawabi a kan yadda hukumarsa ta yi aiki ba dare ba rana. Ba wanda ya tambayi yadda inci talatin da huɗu ya bi ta talatin da ɗaya. Manya ba sa tambayar ƙananan abubuwa.

Kwangilar fasa bango kuwa tana nan daram, tunda an riga an tafa mata. Bayan jarrabawa za a faɗaɗa ƙofofi don bencinan da ke ciki su samu hanyar shiga. Jiya Mai Walda ya raɗa mini cewa an aiko masa da awon sababbin ƙyamaren da za a sa a faɗaɗɗun ƙofofin. Inci talatin da ɗaya.

Na ce kada ya ce komai tukuna, sai Auta ta gama rubuta takardarta ta ƙarshe. Tef ɗina dai yana wuyana, aro kyauta ne, ba sai an rubuto kwafi uku ba.