Hular da Ta Rina Jariri

Da hannuna na rina zare da shuɗin baba, na saƙa wa jaririn ƙanwata hular suna a Runka. Maƙwabciyata ta ce in ɗauraye zaren tukuna. Na ce, "Ni za ki koya wa rini?"

Ranar suna yaron ya yi gumi. Kakarsa ta cire hular, ta ga goshinsa shuɗi, ta saka salati: "Jininsa ya daskare! Maza, asibitin Safana!"

Ƙanwata tana kuka, har ta hau babur da shi. Na lashi yatsa na goge goshin. Shuɗin ya biyo yatsana. Kowa ya juyo yana kallona.

Har yau in aka haihu a dangi sai a ce, "Ku ɓoye jaririn, ga mai rini nan tafe."