Littafin Kakan Haliru a Bakin Inji

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da muka ƙaddamar da injin fotokwafi a laburaren tsohuwar makarantarmu ta sakandare, nan cikin Sakkwato. Na so ƙwarai in manta. Tsufa ya ɗauke mini sunayen mutane, ya ɗauke mini inda nake ajiye tabarau, amma wannan rana ya bar mini ita garau, har da ƙarar da na ji.

Ni na kawo shawarar. Na yi shekaru ina aikin tafinta a ƙasashen waje, Alƙahira, Hartum, Dakar, har da ɗan zama a Kwala Lamfur. Na dawo gida da Larabci da Faransanci da Turanci, da kuma wata cuta da ban san ina da ita ba sai da matata ta faɗa mini: ba na iya ganin abu ban ce ga yadda ake yinsa a wani gari ba. (Ta ce ko fura aka dama mini sai na kawo labarin Dakar.) Da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta ɗora mini shugabanci, na zaga makarantar, abin da na gani a laburare ya tsaya mini a rai. Littafin kimiyya guda ɗaya, aji guda na jiransa. Ka buɗe ka tarar babin da ake jarrabawa a kansa babu shi, an bi shi da reza. Yaran ba mugaye ba ne. Ba a barin littafi ya fita ƙofa, shagon fotokwafi kuma sai an hau kabu-kabu, wato babur ɗin haya.

Sai a taron ƙungiya na ce a sayi inji a ajiye cikin laburaren, ɗalibi ya biya ɗan abu kaɗan a kan kowane shafi, kuɗin ya riƙa sayen takarda da tawada. Kowa ya yarda sai mutum ɗaya, Malam Haliru. Abokina ne tun muna aji ɗaya, malamin Larabci, ya yi ritaya amma bai daina zuwa koyarwa ba. Gidansu na kusa da Hubbare, kuma in ka ɗebe aikin Hajji, ban san ya taɓa kwana a wajen Sakkwato ba.

"Kai Bature," in ji shi (haka yake kirana tun da na dawo), "ɗiyan da ba su karya ba da sahe, da mi za su biya?"

Na tashi tsaye na ba shi lacca. Na ce na ga injin kyauta a Hartum, zango ɗaya ya yi ya mutu, don abin da babu mai biya babu mai gyara. Na ce a Alƙahira ɗalibai na biya, ba wanda ya mutu. Na yi ta magana har mutane suka fara duba takalmansu. Na ci nasara, amma da yawan surutu na ci ta. Haliru ya daɗe bai leƙo gidana ba.

Ranar buki ta faɗo tsakiyar bazara, irin zafin nan da ke sa mutum ya ji haushin rigarsa. An sa sola, an kafa rumfa, an cika laburare da ɗalibai da malamai da iyaye. Ni kuwa na sha babbar riga mai nauyi, na yi ta shawagi kusa da injin kamar ni na ƙera shi. Can sai ga Haliru ya shigo da gafaka a hammata, wato jakar fatar nan da malamai ke adana littafi.

"Na zaka in zama na farko," ya ce, yana murmushi. "Tunda ka ce kowa shi biya, ga nawa."

Ya miƙa wa matar da ke kula da laburare kuɗinsa a gaban kowa, aka yi tafi. Sannan ya kwance gafakar. Littafin nahawu ne da kakansa ya rubuta da hannunsa, gefen kowane shafi cike da ƙananan bayanai na Hausa da Fillanci cikin ajami. Ya ce littafin na gida ne, ba nasa shi kaɗai ba, kuma bai taɓa fita zaurensu ba sai yau. Yana so a yi kwafi ɗaya a ajiye a laburare, yara su ga yadda kakanninsu suka yi karatu. Na gane abin da yake nufi. Sulhu ya kawo mini, da abu mafi tsada da yake da shi.

Wanda ya san irin waɗannan littattafai ya san ba a ɗinke su. Warƙa-warƙa suke, a sake, an jera su tsakanin bango biyu. Takardar ta koma launin shayi, gefenta ya bushe kamar ganyen da rana ta gama da shi. Haliru ya ɗauki warƙa ta farko da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya kwantar da ita a kan gilashi, ya jira, ya ɗaga, ya juya ta. A hankali. A hankali ƙwarai. Mutane na fifita da takardar shirin buki. Shugaban makaranta ya dubi agogo. Wani uba ya yi hamma.

Nan ne shaiɗan ya zo mini ta ƙofar da ya saba.

"Malam," na ce da ƙarfi don kowa ya ji, "haka za mu kai la'asar. Ka ga wannan bakin na sama? A Kwala Lamfur tari guda ake zuba mishi, shi ja da kanshi. Littafin ga naka ma kamar don shi anka yi, tunda ba ɗinki."

Na kai hannu na kama wani kaso na warƙoƙin. Bai saki nan da nan ba.

"Bature," ya ce a hankali, "tsoho na hwa."

"Injin ga ba shi da haƙora," na ce, aka yi dariya.

Sai ya saki. Na sha tambayar kaina dalili, kuma na san amsar. Dattijo ba ya kokawa da abokinsa a gaban yaran da yake koyarwa. Kunyata ya ji, ya bar mini.

Na daidaita warƙoƙin a bakin sama, na juya na fuskanci jama'a, na ƙara 'yan kalmomi da Turanci a kan ci gaba (Allah Ya yafe mini), sannan na danna koren maɓalli da ɗan yatsa ɗaya.

Ta farko ta shige. Ta biyu ta bi ta. Daga nan sai wata ƙara, ƙaras-ƙaras, irin ta akuya ta samu busasshen kara. Injin bai tsaya ba. Yana ja, yana murƙushewa, yana tofar da ɓarɓashi ta gefe. Na danna wannan, na danna wancan. Rubutu na ta fitowa a ɗan allon injin, ni mai harsuna, na kasa gano inda aka ce a tsaya. Shugaban makaranta ne ya tsallake kujera ya fizge wayar daga bango.

Da na tsaya nan, da sauƙi. Amma na hango wata warƙa ta maƙale, rabinta a waje, sai na ce bari in cece ta. Na ja. Rabin ya biyo hannuna, rabin ya zauna ciki.

Daga baya wata murya ta ce innalillahi. Haliru bai dube ni ba. Ya cire hularsa, ya durƙusa da gwiwoyin nan nasa masu ciwo, ya fara tsintar gutsattsarin yana zubawa a ciki. Ɗalibai suka durƙusa suna taya shi, don akwai sunan Allah a jiki, ba a barin sa a ƙasa. Malamai suka durƙusa. Har iyaye. Ni kaɗai na rage a tsaye cikin babbar riga, riƙe da rabin warƙa, na rasa wanda zan miƙa wa.

Da ya miƙe ya karɓa daga hannuna ya ce, "Ba komi, Alhaji. Ƙaddara ta."

Alhaji. Da zagina ya yi da na fi jin daɗi.

Mai kula da laburare ta matso a asirce za ta mayar masa da kuɗinsa. Ya girgiza kai. "A'a, ɗiyata. Doka ta. Kowa shi biya."

Kuma duk da haka sai da na yi jawabin godiya, don sunana ne a takardar shiri. Ban san abin da na faɗa ba. Labari ya riga ni isa gida. Matata ta ajiye mini ruwa, ta zauna, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To, a Dakar yaya ake yi in an yi haka?"

Na yi kwanaki ban fita ba, ko masallaci sai in bi sahun baya. Daga ƙarshe na ɗaure na tafi gidan Haliru. Na same shi a zaure, ya baje gutsattsarin a kan faifai, da ɗan kwanon ƙaro a gefe, yana liƙa su a kan farar takarda da tsinke. Idonsa ba ƙarfi. Na zauna na fara ba da haƙuri, ya ɗaga hannu. Na ce na san masu gyaran tsofaffin littattafai a Alƙahira, zan ɗauki nauyin komai.

"Littahin ga ya gama tahiya," ya ce. "Sau ɗaya yaf fita."

Nahawun shi kansa ba matsala, Haliru ya haddace shi tun yana yaro, ya sake rubuta shi. Bayanan gefe ne suka tafi. Waɗannan kakan ne ke magana da ɗalibansa, wani wuri da wasa, wani wuri da faɗa, kuma ba wanda ya haddace su, don ba wanda ya zaci za su ɓace. Na yi ta zuwa ina taya shi neman gutsuren da ya dace da gutsure. Wasu sun haɗu. Wasu warƙoƙin kuwa sun zama gari, ba abin da za a liƙa.

Ran da muka haƙura, ya yanko farar takarda daidai girman littafin, ya sa ta a gurbin warƙoƙin da suka ɓace. Sannan ya tura mini tawada da alƙalami.

"Rubuta."

"Mi zan rubuta, Malam?"

"Abin da yaf faru. In na mutu, jikoki su buɗe su ishe rami, za su ce ni na bar ma gara shi."

Na rubuta da Larabci mafi kyau da na iya, cewa inji ne ya ci waɗannan warƙoƙi a laburaren makaranta, ba sakacin mai littafi ba. Ya kawo takardar kusa da idonsa ya karanta har ƙarshe, ya mayar mini.

"Inji ba shi danna kanshi. Sa suna."

Na sa.

Injin na nan yana aiki. Yara na biya, waɗanda ba su da shi kuma malamai na rufa musu asiri, yankan littattafai ya ragu. Shugaban makaranta ya liƙe bakin saman da salatif. Wato dai shawarata ta yi daidai, kuma ban taɓa yin daidai ya yi mini ɗaci haka ba.

Abin da na koya bai da yawa, kuma ya zo a makare. In mai abu ya riƙe abinsa ya ce maka tsoho ne, ba labari yake ba ka ba, roƙonka yake, sai ka janye hannu ko da jama'a za su kwana suna fifita. Duk rayuwata na so sunana ya shiga littafin da za a gada. To, ya shiga. Yana nan a gafakar gidan su Haliru, da rubutun hannuna, don a wanke gara daga zargi.