Laraba Shida Ina Cewa Ba Gajiya

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ta tsakiyar damina ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Har yau in ta faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ni malamin gona ne. A lokacin ina aiki da wata ƙungiya mai raba wa manoma irin riɗi da gero. Ofishinmu yana Gumel, amma aikin yana can ƙauyukan Gagarawa da Maigatari da Sule Tankarkar. Mu biyar ne da farko. Biyu suka ajiye aiki, ba a ɗauki wasu ba, aka raba mana garuruwansu. Da sassafe in hau babur, in wuni ina auna gona ina ɗaukar hoton manomi riƙe da buhu, in dawo in tarar da saƙon oga yana jiran rahoto. Kafin wata uku na zama wani iri. In na iso ƙofar gida sai in kashe babur in yi zamana a kai, in kasa shiga, don na san yara za su rugo da oyoyo, ni kuwa ko murmushin da zan ba su babu. Abinci ya daina yi mini daɗi. Wata rana na tsinci kaina a garin Gagarawa Tasha, na rasa abin da ya kai ni.

Da ƙungiya ta ga ma'aikata suna ta guduwa, sai ta samo mana likita mai sauraron damuwar mutane, wata Dakta Bilkisu a Kano. Ba zuwa za ta yi ba. Ta waya ne, kiran bidiyo ta wata manhaja, kowa da ranarsa, sau shida, kuma abin da ka faɗa ya tsaya tsakaninka da ita. Ni Laraba aka ba ni.

To, mu a gidanmu ba a kai ƙarar gajiya. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, akawu ne, ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya ban taɓa jin ya ce wash ba. Ga kuma tsoron bakin mutane, kada a ji ɗan gidan wane yana ganin likitar ƙwaƙwalwa. Saboda haka na mai da ita baƙuwa. Duk Laraba sai in yi wanka, in sa kaftanina na Juma'a, in kafa hula (har turare nake fesawa, don waya fa), in jingina wayar da buta in zauna.

"Malam, ya aiki?"

"Da godiya, Dakta."

"Ya gajiya?"

"Ba gajiya. Ya mutanen Kano? Kuna samun ruwa kuwa?"

"Malam, ba gaishe ka nake ba, tambayarka nake. Kana iya barci?"

"Sosai ma, alhamdu lillahi."

Na san abin da take nema sarai, ba wai ban gane ba. Kawai dai na ƙi. Na koya mata yadda ake shuka riɗi, na koya mata yadda ake shanya zoɓo, baiwar Allah tana ta saurare. A Laraba ta huɗu ta cire tabarau ta ce, "Malam, idonka ya faɗa. In ka yarda zan rubuta wa ofis a ba ka hutun mako biyu. Ba zan faɗi dalili ba." Wallahi da na ji kalmar hutu sai da zuciyata ta yi tsalle. Amma bakina ya riga ni. Na ce, "Haba Dakta, a tsakiyar damina? Ai hutu sai marasa lafiya."

Abokiyar aikina Malama Hadiza, mai kula da manoman Ɗanzomo, ita ta faɗa wa Dakta gaskiya, aka ba ta hutun. Ranar da za ta tafi har tsokanarta na yi, na ce a gaishe mana da katifa. Washegari oga ya kira ni ya ce tunda ni lafiyata ƙalau, in haɗa da Ɗanzomo kafin ta dawo. Na ce ba komai, ranka ya daɗe. Na fito na tsaya a bakin famfo ina jin kamar in zauna a ƙasa.

Larabobina shida suka ƙare a gaisuwa. A ta bakwai aka shirya taron rufewa, shi ma ta waya, da duk ma'aikatan ƙungiya har da na sauran ofisoshi, kowa da ɗan hotonsa a fuskar waya. Oga ya ce ni zan yi jawabi, in faɗa wa matasa sirrin yin aiki ba gajiya. Na ji daɗi kuwa, kada in yi muku ƙarya. Har na rubuta abubuwa uku a takarda: haƙuri, tashi da wuri, shan ruwa da yawa (na ukun don dai su cika uku ne).

Kafin a ba ni dama, Dakta ta ce kowa ya rufe ido minti ɗaya, ya ja numfashi a hankali, kada ya yi tunanin rahoto. Na rufe. Minti ɗaya ne kacal, amma rabon da in zauna ba wanda yake neman wani abu a wurina har na manta. Kafin in buɗe ido sai na ji kuka yana neman zuwa mini.

Oga ya ce, "Malam, bismilla."

Na ɗaga yatsa na ce, "Abu na farko shi ne haƙuri." Daga nan murya ta ƙi fita. Hawaye suka cika mini ido. Na nemi wurin kashe kamara na rasa. Sai wata dabara ta zo mini, wadda har yanzu ban san daga ina ta fito ba. Na tuna in sabis ya ɗauke, hoton mutum yakan tsaya cak. Sai na tsaya cak. Baki a ɗan buɗe, yatsa a sama, ko ƙifta ido ba na yi.

Na ji oga ya ce, "Kamar sabis ɗinsa ya ɗauke. Mu ɗan jira shi."

Har na fara gode wa Allah. Sai wani ma'aikaci daga Maigatari ya ce, "Ranka ya daɗe, ai labulen bayansa yana motsi."

Fanka. Na manta da fanka.

Ni kuma, maimakon in haƙura, sai na ci gaba da tsayawa, hawaye suna gangarowa ta gemu suna ɗiga a kan kaftanin Juma'a, kowa yana kallo. Daga ƙarshe kukan ya ƙwace, irin mai sauti, wanda rabona da shi tun ranar da muka binne mahaifina. Na ji Dakta ta ce a hankali, "Oga, a rufe taron haka nan."

Ba wanda ya yi mini dariya, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. A ofis aka koma gaishe ni ƙasa-ƙasa, kamar an yi mini rasuwa. Oga ya ba ni hutu ban roƙa ba. Malama Hadiza ta karɓi Ɗanzomo ta haɗa da ƙauyukana na Gagarawa, ba ta ce mini komai game da katifa ba.

A kwana na uku na hutun na buɗe manhajar. Ba wanka, ba hula. A ranar ina da magana cike da baki, ina so in faɗa wa Dakta zancen babur da Gagarawa Tasha da komai. Sai rubutu ya fito cewa ganawata shida ta cika, shirin ya ƙare, an gode. Na daɗe ina kallon wayar. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Matata ta shigo da kunu ta ajiye, ta ce, "Baban Walida, ya gajiya?"

Bakina ya buɗe zai ba da amsar da ya saba, na tare shi. Na ce, "Akwai ta. Ta yi yawa."

Ta zauna a gefen tabarma ta ce, "Na sani. Kullum ta taga nake hango ka a kan babur. Ni nake riƙe yaran kada su fito."

Abin da na koya bai da yawa. In wanda zai iya taimakonka ya tambaye ka gajiya, ka faɗa masa tun yana kan layi. In kuma ka nace sai ka yi ƙaryar sabis, to ka fara kashe fanka.