Mai Faci a Tankin Iska

Wani mai faci ne, irin tsofaffin hannun nan da ke zama a bakin titi kusa da gidan mai, da injin iska da bahon ruwa da tarin tayoyin da masu su suka manta da su. Shekara talatin yana buga wa tayoyin mutane iska. Idan ya danna taya da babban yatsa, zai gaya maka abin da ke cikinta kafin a ɗauko gejin awon iska. Mutumin kirki ne, ba ruwansa da kowa. Matsalarsa ɗaya ce: duk abin da ka kawo masa a duniyar nan, sai ya mayar da shi zancen taya kafin ya shiga kansa.

To bawan Allah yana da ciwon suga. Wata rana ya taka guntun waya a shago, ta huda masa tafin ƙafa. Ya ce ba komai, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki. Wata ɗaya, wata biyu, abu ya zama gyambo ya ƙi rufewa. Matarsa ta tasa shi gaba sai asibiti. Likitan tiyata ya duba ya sake dubawa, sannan ya ce idan nan da wata biyu ciwon bai fara haɗewa ba, sai dai a cire ƙafar daga idon sawu. Ni ma a nan kam na tausaya wa mai facin, don da ƙafar nan yake danne taya idan zai ɓalle ta daga rim, kuma da ita yake ciyar da gida.

Suna fitowa, sai wata likita ta kira su ofishinta. Ta ce, "Baba, akwai binciken da muke yi a kan irin gyambonka. Muna kwantar da mutum a cikin wani tanki, mu rufe, mu cika shi da tsantsar oksijin, mu matsa ta fiye da iskar waje. So muke mu gani ko hakan na sa ciwo ya warke da wuri."

Mai faci ya gyara zama. "Wato iska za ku buga min."

"Kusan haka ne."

"A geji nawa? Talatin da biyar ko arba'in?"

"Baba, ai ba taya ba ce."

"Na sani, 'yata. Amma ki gaya wa mai bugawa ni ba na ɗaukar lodi. Talatin ta ishe ni."

Likita ta danne dariyarta. Ta ce, "Ka ji yadda abin yake tukuna. Masu shiga kashi biyu ne. Rabi za a ba su ta gaske. Rabi kuma iskar gari ce kawai, a ɗan matsa ta yadda za su ji kamar ana yi. Kwamfuta ce ke jefa ƙuri'a. Kai ba za ka san kashinka ba, ni ma da nake auna ciwon ba zan sani ba, sai an gama an buɗe takardu. Wanki da magani kuwa, kowa iri ɗaya za a yi masa."

"Ke ma ba ki san abin da ake bugawa ba?"

"Da gangan ne. Don kada son rai ya sa in ga sauƙi inda babu."

Ya juya ya dubi matarsa. "Kin ji aikin masu ilimi. Ni da zan yi haka rana ɗaya, da direbobi sun tashe ni daga bakin titin nan."

Matar ta ce, "Malam, sa hannu. Ƙafa muka zo ceta, ba gardama muka zo yi ba."

Ya sa hannu. Aka karanta masa dokoki: kullum da safe, awa ɗaya da rabi, har zuwa talatin. Ba a shiga da waya, ba ashana, ba turare, ba man shafawa, sai rigar auduga ta asibiti, domin a cikin oksijin ɗan abu kaɗan ne ke kama wuta. Wanda ya karya doka sau biyu, an sallame shi. Da matar ta ji zancen mai, sai ta kalli hannuwan mijinta ta yi ajiyar zuciya. Sabulu uku ta ƙarar a kansa ranar nan da buroshin wanki. Da ta gama ta ce ashe duk shekarun nan akwai farata a ƙarƙashi.

Washegari aka kai shi ɗakin. Tankin dogo ne na gilashi, a kwance kamar ƙatuwar kwalba, da gado mai zamewa ciki. A gefe ga wani magidanci zaune gaban maɓallai, shi ne mai kula da injin. Mai faci na ganinsa ya washe baki ya miƙa masa hannu biyu.

"Abokin sana'a. Yaya kasuwa?"

Mutumin ya amsa gaisuwa, bai gane ba. Mai faci ya leƙa bayansa ya hango geji, amma an rufe fuskarsa da ƙyalle.

"Ɗan'uwa, ɗan ɗaga min ƙyallen nan."

"An hana, Baba. Don ku aka rufe."

"Haba, ni da kai? Ai ba a ɓoye wa na gida."

"Kwanta, Baba."

Aka tura shi ciki, aka rufe ƙofa. Iska ta fara shiga. Kunnuwansa suka toshe, ya haɗiyi yawu kamar yadda aka koya masa, suka buɗe. Ya lumshe ido yana jin daɗi, yau ga shi ana yi masa abin da ya saba yi wa wasu. Can sai kunnensa na sana'a ya jiyo wani siririn sauti daga wajen kansa, sssss. Ya buɗe ido. Ya fara ƙwanƙwasa gilashi.

Mai injin ya yi magana ta lasifika. "Lafiya, Baba?"

"Dakata. Tana fita."

"Me ke fita?"

"Iskar mana. Ba ka ji?"

Kafin a ba shi amsa ya lakato yawu da yatsa, ya miƙa hannu sama yana shafawa a bakin ƙofar, yana ƙura ido ko zai ga kumfa.

"Baba, daina shafa wa ƙofa yawu. Haka injin yake. Tsohuwa na fita, sabuwa na shiga."

"Wato kana bugawa kana sacewa a lokaci guda?"

"Haka tsarin yake."

Mai faci ya koma ya kwanta yana girgiza kai. "Ɗan'uwa, a hannun wa ka koyi aiki?"

Da aka fito da shi, abin da ya fara yi shi ne danna cinyarsa da babban yatsa. Ya danna ta dama, ya danna ta hagu. Ya ce wa matarsa, "Iskar ba ta zauna ba." Kwana uku ana haka, kullum ya fito ya danna ya ce ba ta zauna ba, kuma hankalinsa na ƙara tashi, don wata biyun likitan tiyata ba ta jiran kowa.

Rana ta huɗu da yamma yana zaune a tsakar gida ya miƙe ƙafa a kan kujera, sai ya buga cinya.

"Na gano. Na ɗauki alhakin mutumin nan, ba laifinsa ba ne."

Matar ta ce, "Me kuma ka gano?"

"Huda. Wa ya taɓa buga wa abu iska alhali da huda a jikinsa? Suna bugawa ta sama, tana zurarewa ta ƙasa. Miƙo min baho da ruwa in tabbatar."

"Likita ta ce kada ƙafar nan ta ga ruwa. Ka tsoma ta, ni da kai ne."

Ya yi kamar ya haƙura. Da ta shiga maƙwabta, ya jawo akwatin aikinsa. Ya yanko robar tub ɗin taya mai kyau, ya zagaye shi da almakashi, ya shafe shi da sholisho, ya hura ya ɗan sha iska, ya manna a kan bandejin. Ya bi gefe da gefe yana dannawa da gindin cokali. Maganar gaskiya, facin ya yi kyau. Ya ja safa ya rufe.

Da safe ko ƙofar ɗakin tankin bai kai ba mai injin ya ɗaga hanci. "Wa ya shigo da sholisho?"

Duk wanda ke layi ya kalli na kusa da shi. Mai faci ya kalli silin.

Aka kira likita. Ta cire safar, ta ga baƙin faci zagayayye a tafin ƙafar mutum. Ta daɗe tana kallo.

"Baba, mene ne wannan?"

"Taimako ne, 'yata. Ku ku buga, ni na toshe. Yanzu za ki ga aiki."

Wannan karon ba ta yi dariya ba. "Ka san da ka shiga tankin nan da wannan abin, da kai da mu duka muna iya ƙonewa? Iskar ba ta ƙafa take shiga ba, ba ta nan take fita ba. Shaƙa kake yi, jini ya kai ta wajen ciwon. Wannan ɗaya ke nan. Ka ƙara, in cire sunanka da hannuna, ka koma wajen likitan tiyata."

Jin an ambaci likitan tiyata, tsoro ya kama mai faci sosai. Ya rantse ba zai ƙara ba, kuma bai ƙara ba. Amma da nas take ɓamɓare facin, sai da ya ce mata ta yi a hankali, zai yi amfani a wani wajen.

Sai ya koma wata sana'ar. A benci inda ake jiran layi, ya fara auna mutane. Akwai wani tsohon malamin makaranta, busasshe, mai gyambo a dunduniya. Mai faci ya danna damtsensa ya ce, "Malam, barka. Kai ta gaske ake ba ka. Ji tauri." Kusa da shi wani direban babbar mota ne mai tumbi. Ya danna shi, yatsa ya nutse. Ya girgiza kai cikin tausayi. "Kai kuwa sai haƙuri, iskar gari ce."

Direba ya miƙe da sandarsa ya nufi ofishin likita, yana cewa shi ba za a mayar da shi ɗan rakiya ba. Da ƙyar aka shawo kansa. Likita ta kira matar mai faci gefe ta ce, "Mama, ki rufa min asiri. Shekara biyu muna shirya binciken nan, mijinki zai rushe shi da yatsa ɗaya." Daga ranar, duk zaman layi matar na gefensa riƙe da hannunsa na dama. Mutane suna ta cewa kai, tsofaffin nan suna son juna.

Ana nan ana nan, kullum a wanke ciwo, a sa sabon bandeji, a duba suga, a tura shi tanki. Duk mako likita ta ɗora rula ta auna ta ɗauki hoto. Gyambo ya fara tsukewa. Daga faɗin murfin kwalba ya koma kamar maɓallin riga, daga nan ya rufe ruf. Likitan tiyata ya duba ya ce ya tafi da ƙafarsa, ba abin da za a cire. Matar ta yi kuka don murna, shi ma ya juya baya ya share ido.

A ranar ƙarshe aka ba kowa takarda mai tambaya ɗaya: a ganinka wane kashi kake ciki? Mai faci ya ce wa nas, "A ganina? Ni da sana'ata? Rubuta ta gaske. Ki ƙara da cewa arba'in cif." Ya koma shago, duk direban da ya tsaya sai ya ji labari. Har cewa yake tun da aka buga masa, idan ya taka rami ba ya jin girgiza.

Bayan wata shida aka gama binciken, aka kira su ɗaya bayan ɗaya. Ya sa sabuwar riga da takalmi sau ciki, ya zauna gaban likita ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, matarsa na gefe. Likita ta buɗe ambulan ta karanta. Ta cire tabarau ta sake karantawa.

"Baba, kai kana cikin kashi na biyu."

"Wato manyan."

"A'a. Iskar gari aka ba ka. Irin wannan da muke shaƙa a ɗakin nan."

"Duk talatin ɗin?"

"Duk talatin. Ko sau ɗaya ba a ba ka oksijin ba. Ina jin wankin kullum ne ya taimake ka, da maganin suga da ka daina tsallakewa, da hutun da ƙafar ta samu."

Matar ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Mai faci bai kalle ta ba. A hankali ya sauke ƙafar, ya tura ta can ƙarƙashin kujera, ya ja bakin riga ya lulluɓe ta. Sannan ya matso kusa da tebur ya yi ƙasa da murya.

"Likita, don girman Allah ki yi a hankali. Ni na ji, na haƙura. Amma ita ƙafar fa ba ta sani ba."