Kifin da Ke Jikin Kwalba

Ba zan taɓa mantawa da waccan Larabar ba, duk da na yi ƙoƙarin mantawa. A lokacin wata uku ke nan da aka turo ni koyar da kimiyya a wata sakandare a gefen Fagam. Daga Kiyako nake zuwa a babur, da takardar digiri sabuwa da girman kai wanda ya fi ta nauyi.

Ɗakin gwaje-gwaje a hannuna yake. Kowane sinadari ya zo da takardar bayaninsa: haɗarinsa, yadda ake ajiye shi, yadda ake zubar da shi. Na tattara su na cusa a durowa. (Ni da na yi shekara huɗu a jami'a, me takarda za ta gaya mini?)

Ran Litinin na tsaftace ɗakin, na tarar da wata babbar kwalba ta kofa salfet, wani shuɗin gari da ya daskare. A jikinta akwai jan murabba'i, a ciki an zana busasshiyar bishiya da kifi kwance. Wallahi tambarin kamfani na ɗauka. Na narkar da shi a bokiti, na sheƙa a kwatar bayan taga. Da yamma aka yi ruwan sama.

Kwatar nan tana gangarawa ne tafkin Malam Sabo, malamin noma, dattijon da saura masa wata biyu ya yi ritaya. Da hannunsa shi da ɗalibai suka haƙa tafkin, suka zuba tarwaɗa, yana cewa ranar bankwanarsa kowane yaro zai ci kifi.

Ran Talata kifayen suka taso, ciki sama, gaba ɗayansu.

Shugaban makaranta ya tara malamai ran Laraba. Ba wanda ya tambaye ni, amma na miƙe. Na ce a matsayina na masanin sinadarai, wannan aikin makiyayan da ke wanke kayan feshin shanu a rafin da ke kusa da tafkin ne, har na ba da shawarar a kai ƙararsu wurin dagaci. (Na fi minti goma ina zuba, wasu har suna gyaɗa kai.)

Malam Sabo bai katse ni ba. Da na zauna, ya ciro kwalbar daga leda ya ajiye a tebur. Ya ce ya bi kwatar ne, ya ga shuɗin da ya kama siminti har ƙarƙashin tagata, nan ya tsinci kwalbar. Sai ya nuna zanen.

"Malam, wannan kifin barci yake yi?"

Shugaba ya sa na ɗauko takardar bayanin sinadarin daga durowa da kaina, na karanta a tsaye. Sashe na goma sha biyu ya ce guba ne ga duk abin da ke rayuwa a ruwa. Na goma sha uku ya ce kada a zuba a kwata. Ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi, da ya fi sauƙi.

Na bi Malam Sabo bakin tafkin na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe kifin, amma makiyayan da na ɗora wa laifi, su ba sa nan balle su yafe. Ranar bankwanarsa shinkafa da wake aka ci, yara suna satar kallona. Ƙarshen zango na nemi canji zuwa Birnin Kudu, sunan "Malam Tarwaɗa" ya riga ni isa.

Yanzu ko maganin sauro na saya sai na karanta bayansa tas kafin in buɗe. Kuma duk taron da aka ce ana neman mai laifi, nakan fara da binciken kaina.