Ranar da Na Rufe Gadar Hanyar Pitowa

Ina iya manta shekaruna (dama ban taɓa saninsu daidai ba), amma ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na rufe gada guda da bakina ba, ba tare da gwamna ya sa hannu ba.

Sai na fara gaya muku ko ni wane ne a lokacin. Ni ne mai Faransanci a danginmu. Shekara uku na yi a lekol, wato makarantar boko, biyu daga ciki a aji ɗaya, saboda malamin ya shaƙu da ni ya kasa rabuwa da ni. Mahautan Garwa suna kirana Mushe. (Na san abin da kalmar ke nufi a bakin mahauci, amma na ɗauki ma'anar Turawa, wato Malam, na bar musu tasu.)

Wannan ilimi ne ya ba ni kujerar gaba a motar Alhaji Bawa, wan matata, dillalin shanu. A shekarun nan da kowa ke kukan kiriz, wato matsin rashin kuɗi, shi ya sayi akori-kura ta hannu mai giyar ƙafa huɗu. Shi ke tuƙi, ni ina gefe da biro a aljihu. In mun iso shingen jandarmomi sai in leƙo in ce bonjur shef, in miƙa takardu da hannu biyu. Sauran dangi kuwa, har ƙanensa ciki ɗaya, a baya suke tsugunawa cikin igiyoyi da kashin shanu. Kujerar nan ita ce duk sarautar da Allah ya ba ni a duniya, kuma ban yi niyyar sauka ba sai dai a ɗauke ni a makara.

Sai motar ta fara gurnani a gaba kamar injin markaɗe, baƙin mai yana ɗiga kusa da ƙafar hagu. Ranar Asabar Alhaji ya kai ta wurin Alfons, wani bakanike ɗan kudu. Alfons ba ya jin Hausa, Fulatancinsa kuma bai wuce na sayen nama ba. Washegari kasuwar Pitowa ce, wadda Alhaji bai taɓa fashinta ba, don haka da safe muka je ɗaukar mota. Garejin ba ƙofa, inuwar darbejiya ce kawai. Alfons ya tafi coci, amma ya bar takarda maƙale a gilashi.

"Mushe, duba mana," in ji Alhaji.

Na gyara hula, na yi kaki, na nisanta takardar daga fuskata kamar yadda na ga sufurufe, wato babban jami'in mulkin gundumarmu, yana yi. Ga abin da ke ciki: Roulement pont avant usé. Ne pas rouler.

Jama'a ku yi mini adalci. Pon gada ce, wannan a aji ɗaya aka koya mana, kuma sau biyu na koye shi. Aban gaba ne. Uze abin da ya tsufa ya cinye. Kalmar farko ce ta ɗan yi mini gardama, amma na tuna rule mirginawa ce, sai na haɗa su da kaina.

"Alhaji," na ce, na sassauta murya, "Allah ya so mu. Ya ce gadar da ke gaba ta cinye, har mirginawa take yi. Kada a bi ta kai."

"To motar fa?"

"Bai ambaci mota ba. Da da matsala da ya faɗa."

"Ka gani ko? Mutanen kudun nan suna jin labarin gwamnati kafin mu."

Muka kama hanya, mota na gurnani, Alhaji ya ce ai sanyin safiya ne. Kafin Pitowa akwai wata gada a kan mayo, irin rafin nan da ke ƙafewa da rani ya bar yashi zalla. Muna isowa na ce a tsaya. Na sauka, na zagaya gadar hannuwa a baya, na daki bangonta da takalmi, na kara kunne. Wallahi sai na ji tana motsi. (Daga baya na gane cikina ne, ban karya ba.)

Da nan na tsaya da sauƙi. Amma ilimi amana ne. Na tsaya a tsakiyar titi ina kaɗa hula. Wani mai keke ya saurare ni, ya ɗauki kekensa a ka ya gangara yashi yana sa mini albarka. Sai ga motar fasinja cike da mata 'yan kasuwa. Direban ya ce shi ɗazu ya bi ta kai. Na ɗaga takarda na ce wannan daga hukuma take, ko ya fi hukuma sani? Matan suka ce su dai a sauke su, ba za su mutu saboda taurin kan direba ba. Su bakwai suka sauka da kwandunan busasshen kifi. Direban ya zage ni da yare uku, ya haye gadar, ya yi gaba abinsa bai jira kowa ba.

"Rabonsa ne bai ƙare ba," na gaya musu.

Alhaji ya karkata motar ya gangara cikin mayo, ya sa giyar ƙafa huɗu saboda yashi. Wato abin nan da ke ciwo a gaban motar, shi muka ɗora wa dukan aikin. Mun kai daidai tsakiya sai muka ji ƙaras, sannan wani kuka kamar ana niƙa tsakuwa. Mota ta tsaya. Muna ƙarƙashin gadar, a inuwarta.

A daidai lokacin wata babbar mota shaƙe da auduga ta bi ta kanmu. Sai wata. Sai garken shanu da makiyayinsu yana waƙa. Ko ƙura gadar ba ta zubo mana ba. Alhaji ya ɗaga kai ya dube ta, ya sauke ya dube ni.

"Tana daurewa ne," na ce.

Wajen hantsi sai ga babur ya bi ta kan gadar, ya ci birki, ya dawo. Alfons ne cikin kwat ɗin coci, akwatin ƙarafa ɗaure a baya. Ashe ya koma gareji da sabon kayan gyara bai ga mota ba, ya biyo sawunmu. Tun daga sama yake ihu. Da ya sauko ya buɗe hannuwa ya tambaya wane an ne ya karanta takardarsa. Wannan kalmar na san ta sarai, domin da ita malaminmu ke kirana.

"Me ya ce, Mushe?"

"Yana yi mana sannu da rana."

"A'a, ɗana, ba haka ya ce ba."

Wata tsohuwa ce daga cikin matan kifin, Dada Asta, tana zaune a kan kwandonta tana ɓare gyaɗa. Ashe shekaru ta yi tana dafa wa wasu Turawa abinci.

"Cewa ya yi, wane jaki ne ya karanta masa takarda."

Mata shida suka nuna ni a tare, kamar sun yi shawara.

Alfons ya cire kwat, ya kwanta a yashi, ya ja ni da ƙafar wando har sai da na durƙusa. Ya mari wata tukunyar ƙarfe da ke tsakanin ƙafafun gaba, wadda ke raba musu ƙarfi, ya ce: "Voilà le pont!" Ya sake marinta. Dada Asta tana fassarawa a hankali, da daɗin murya, don kada kowa ya rasa rabonsa: ita wannan tukunyar ma pon ake ce mata, ta gaba ce, rulmanta, kalmar farkon nan da ta yi mini gardama, shi ne ya cinye, kuma takardar cewa ta yi kada a tuƙa motar ko taku ɗaya.

Na ce, "To ai a Faransancin Faransa..."

Alhaji ya ce, "Mushe." Shi ke nan abin da ya ce.

Aikin ya ci yini. Jak yana nutsewa a yashi, sai da aka cire murfin bayan motar aka shimfiɗa masa. Alfons ya cire ƙafar hagu, ya kwance wata ƙusa a gindin tukunyar, ya miƙo mini kwano ya nuna ƙarƙashin mota. Haka na kwanta rigingine da farin kaftani ina tarar mai, baƙi ƙirin, yana ƙyalli da garin ƙarfe, rabi a kwano rabi a hannun rigata. Ya zare sandar ƙarfen da ke juya ƙafar, ya sa guntun bututu da guduma ya dinga bugu har abin ya faɗo. Zobe ne na ƙarfe, bai kai bakin kofin shayi ba, 'ya'yan cikinsa sun farfashe suna zuba kamar tsabar gero.

Alhaji ya ɗauka ya juya shi. "Boris! Ashe boris ne! Da da Hausa aka faɗa mini ai da na gane."

Alfons ya wanke gurbin da kananzir, ya shafa wa sabon giris, ya ɗora tsohon zoben a kansa yana ƙwanƙwasawa a hankali, gefe da gefe, har ya zauna daidai. Ya sa sabuwar robar da ke tare mai, ya mayar da sandar, ya ɗura sabon mai. Duk abin da ya ɗauka sai ya ɗaga shi sama ya faɗi sunansa ya dube ni, matan su maimaita da ƙarfi kamar 'yan aji. Guduma ma sai da aka koya mini. A yini ɗaya na samu Faransancin da ban samu a shekara uku ba, ina kwance, mai na ɗiga mini a gemu.

La'asar ta yi kafin mu tura motar ta fita daga yashi. Kasuwa ta watse, shanun da Alhaji ya yi niyya wasu sun kora su. Matan kuma dole mu mayar da su Garwa da kifinsu, tunda ni na sauke su. Na kakkaɓe rigata na nufi ƙofar gaba, na kama mariƙinta.

"Dada, bismilla, shigo nan," in ji Alhaji. Sannan ya ce da ni, ba tare da ya dube ni ba, "Ka taimaka musu da kwanduna."

Ta kan gadar muka koma. Ina baya tsakanin mata shida da kifi, kowace ta riƙe ni wai kada gada ta mirgina da ni. A shingen jandarmomi Dada Asta ta leƙo ta yi magana mai tsawo. Jandarman ya zagayo baya, ya dube ni, ya ƙame ya sara mini, ya ce a gaishe da injiniya. Ko takardu bai karɓa ba, dariya ta hana shi.

Ban sake zama a kujerar nan ba har motar ta mutu. Amma na ɗauki darasi, kuma ina ba da shi kyauta ga duk mai ilimi irin nawa. A makon nan na je kasuwa na sayi tabarau. Idona lafiyarsa ƙalau har yau. Na saye shi ne don duk wanda ya miƙo mini takardar Faransanci in laluba aljihu, in yi tsaki, in ce kash, na baro shi a gida.